Zauren Masu Keke: "Anya ni ma mahayin keke ne?"

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga Legas suka zo, kuma damuwarsu ɗaya ce ko da kalmomin sun bambanta: mutum yana hawa keke, amma zuciyarsa na ce masa bai kai a kira shi mahayi ba. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Daga wani mai karatu a Agege: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da na sayi keke ɗan gwanjo mai manyan tayoyi. Ina hawa zuwa wurin aiki a Ikeja, kusan kilomita 7, sau uku a mako. Amma kafin minti ashirin na fara haki, gwiwata kuma ciwo. Ranar Asabar in masu matsattsun kaya da kekuna masu tsada suka wuce ni kamar iska, sai in ji ashe wasa nake yi. Ko dai abin ba nawa ba ne?

Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da lissafi. Kilomita 7 zuwa, 7 dawowa, sau uku a mako, kilomita 42 ke nan. A wata biyar ka haura kilomita 850, wato ka zarce nisan Legas zuwa Abuja ta mota, kuma a cikin cunkoson Agege ka yi shi. Wanda ya yi wannan ba ya jiran a ba shi suna.

Hakin da ciwon gwiwar kuwa, keken muka fi zargi, ba jikinka ba. Abu uku za ka duba.

Na farko sirdi. Mafi yawan sababbin mahaya suna sauke shi ƙasa don ƙafa biyu su taɓa ƙasa suna zaune, kamar a kan babur. Wannan shi ke cin gwiwa, domin ƙafa ba ta miƙewa, duk nauyin tuƙin sai ya taru a ƙoƙon gwiwa. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda, ka juya ta zuwa can ƙasa. A nan ya kamata ƙafarka ta miƙe sambal. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to daidai ke nan. Mai son awo ya tsaya ba takalmi, ya auna daga ƙasa zuwa matsematsinsa, ya ninka da 0.883. Wanda ya samu santimita 82, sirdinsa zai kasance wajen santimita 72 daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. Kada ka ɗaga da yawa rana ɗaya, ka riƙa ƙara rabin santimita kana gwadawa. In ciwo na gaban gwiwa, galibi sirdi ya yi ƙasa. In yana bayan gwiwa, ko ƙugunka na rangaji hagu da dama, ya yi sama. A jikin sandar sirdin akwai layin da ke nuna iyakar fitowarta, kada ka bari ya fito fili, sandar na iya karyewa ko ta tsaga firam. Daga nan sai ka koyi zamowa gaba daga sirdi idan za ka tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa.

Na biyu giya. Akwai tunanin cewa giya mai nauyi ita ce ta maza. Ita ce dai ke gajiyar da cinya tun ba a je ko'ina ba. Ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ke tasowa a daƙiƙa 15. In ka samu 20 zuwa 22, wato juyi 80 zuwa 90 a minti, kana kan hanya. In 13 ko 14 kake samu, sassauta giya. Ka sauya giya kafin ka fara hawan gada, ba sai ka tsaya cak a tsakiya ba, kuma ka ɗan rage danna feda lokacin sauyawa, in ba haka ba sarƙa za ta yi ƙara, wata rana ta tsinke. Ma'aunin gudu mai sauƙi shi ne magana: in ba za ka iya amsa gaisuwa cikakkiya ba sai da yankewar numfashi, ka wuce gudun da ya dace da tafiyar yau da kullum.

Na uku taya. Tayar da ke da manyan haƙora don daji da laka aka yi ta, a kan kwalta ƙarfinka take sha. In wilinka mai inci 26 ne, nemi taya mai santsi mai faɗin inci 1.5 ko 1.75, za ka ji kamar an sauke maka buhu. Iskar da ta dace a rubuce take a gefen tayar, ka duba ta duk mako, don tub na rage iska ko ba ƙusa. Sannan ka ɗaga keken ka juya kowane wili da hannu. In ya tsaya da wuri ko ka ji "shi, shi", birki na gogar rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zaune a kai. Mutane da yawa suna wata da watanni suna tuƙi da birki a ɗan kame, suna zagin ƙirjinsu.

Su kuma waɗanda ke wuce ka, ka lura a jere suke tafiya. Wanda ke bayan wani yana fakewa daga iska, yana rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wahala idan ana gudu. Ga siraran tayoyi, ga shekaru suna yi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Game da tsadar keke kuma, a gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya da keken aro ta shiga tseren cikin fili, tawagar Jamus ce ta ba ta. Ba wanda ya ce ita ba mahayiya ba ce.

Daga wani matashi a Mile 12: A cikin unguwa ina hawa lafiya lau. Da na hau titin Ikorodu, danfo ta yi min hon a baya, sai hannuna ya hau rawa. Sau biyu ina sauka in tura keken. Ina jin kunyar kaina.

Ɗan'uwa, saukar da ka yi hankali ne. Tsoron titin Ikorodu ba ragwanta ba ne, jikinka ne ke gaya maka akwai abin da bai iya ba tukuna. Ba a korar irin wannan tsoron da ƙarfin hali, da atisaye ake korar sa. Nemi fili ko layin da ba motoci, ka ba abubuwan nan minti 15 kullum har mako biyu.

Birki tukuna. Na gaba shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da keke, amma shi mutane ke gudu don tsoron tuntsurawa. Abin da ke tuntsurar da mutum shi ne damƙar sa farat ɗaya jiki na gaba. Ka fara tantance wane hannu ne na gaba a kekenka, don kekunan gwanjo sun bambanta bisa ƙasar da suka fito. Ja layi a ƙasa, ka taho da ɗan gudu, ka matsa birki biyun a hankali kana ƙara ƙarfi, ka tura ƙugu baya, hannaye a miƙe. Maimaita har ka san taku nawa kekenka ke ci kafin ya tsaya.

Sai waiwaye. Wanda bai iya duba baya ba tare da keken ya karkace ba, kullum a tsorace yake, domin bai san abin da ke tafe ba. Ka bi layi miƙaƙƙe, ka kai haɓarka kan kafaɗar hagu, ka dawo. Abin da ke karkatar da keke shi ne hannun dama da ke bin kai, don haka ka sassauta gwiwar hannu. Sa abokinka ya tsaya a baya yana ɗaga yatsu, kai kana faɗin nawa ne. Bayan wannan ka koyi sakin hannu ɗaya don nuna inda za ka juya, da tafiya a hankali ƙwarai ba ka sa ƙafa ƙasa ba, wadda ita ce sana'ar gosulo.

A kan titi, kada ka manne da bakin kwata. Wanda ya manne ba shi da wurin kaucewa rami, kuma yana gayyatar direba ya matse shi. Bar kamar mita ɗaya tsakaninka da gefen titi, haka ma tsakaninka da motocin da aka faka, saboda ƙofa na buɗewa ba sallama. Danfo kuwa halinta sananne ne: duk inda ka ga mutum a tsaye bakin hanya, ko kwandasta ya leƙo yana kiran fasinja, ka ɗauka yanzu za ta yanko dama ta tsaya. Rage gudu ka bar ta ta shiga, kada ka kutsa tsakaninta da gefen titi. Wannan dokar ta fi tsanani ga tirela da tanka. Direban ba ya ganin wanda ke gefensa na dama, kuma in zai yi kwana tayoyin baya na yanko hanya su cinye wurin da kake tsaye. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Tsaya a bayansa, ko da za ka makara.

A titin Ikorodu ka tsaya a ƙaramin layin gefe, ka bar na tsakiya, ka bar layin manyan bas na BRT. Kada ka bi hannun da ba naka ba don wai kana son ganin motoci, mai fitowa daga kwana ba ya duban wannan ɓangaren. Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ba wurin gwada jarumta ba ce, motoci na gudu, iska na kaɗawa daga ruwa, ba kuma inda za ka ratse. Fara gwada hanyarka ranar Lahadi bayan gari ya waye, lokacin titi ba kowa, ka haddace ramukanta da mahaɗunta. Sa fitila fara a gaba, ja a baya, da hular kwano wadda bakinta ke yatsa biyu sama da gira.

Damina na da nata hukuncin. Ruwan da ya kwanta a titin Legas yana ɓoye rami da kwatar da aka ɗauke wa murfi, kada ka shiga ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. Birkin roba ba ya kamawa nan take in rim ya jiƙe, sai wili ya juya sau biyu ko uku, don haka ka fara matsawa da wuri. Fentin titi da murfin ƙarfe santsi gare su, a miƙe ake haye su, ba a yin kwana ko birki a kansu.

Daga wani ɗan kasuwa a Alaba Rago: Shekarata 54. Likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini da suga. Na sayi keke, amma abokan kasuwa na cewa ko karayar arziki ce ta same ni. Yanzu yana jingine a shago.

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Iyayenmu da suka hau Raleigh da Phoenix zuwa kasuwa da masallaci ba wanda ya raina su, daga baya ne aka mayar da keke alamar rashi. Masu maganar nan ba su za su sha maka magani ba, kuma mako biyu suka gan ka kullum za su gaji, wani ma ya tambaye ka inda ka saya.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Kada ka fara da wannan. Fara da minti 15 zuwa 20, kwana uku a mako, da sassafe kafin rana ta yi zafi, a gudun da za ka iya hira. Duk mako ka ƙara minti biyar har ka kai minti 30 sau biyar. In kana shan maganin suga, kada ka fita ba dabino uku ko huɗu a aljihu. In ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri, tsaya ka ci. In ka ji ƙirji ya yi nauyi, ko ciwo na sauka hannu ko muƙamuƙi, wannan ba gajiya ba ce, a sauka a nufi asibiti. Ka kuma gaya wa likitanka lokacin da kake fita, don ya duba ko ya dace da lokacin shan maganinka. Kaftani mai tsawo a naɗe shi, a ɗaure ƙafar wandon dama kada sarƙa ta kama.

Daga wata 'yar'uwa a Idi-Araba: Shekarata 31, ban taɓa hawa keke ba. Maigidana ya saya wa yara, ni ma ina sha'awa, ya kuma amince. Amma ina ganin na girma, ga hijabi, ga tsoron faɗuwa a gaban mutane.

Malama, ba ki girma ba. Babba na koyon keke, sau da yawa cikin zama biyu ko uku, in an bi ta hanyar da ta dace. Hanyar da ba ta dace ba ita ce wani ya riƙe sirdi yana gudu a bayanki, domin shi ke riƙe daidaiton, jikinki ba ya koyon komai.

A samo keken da ba shi da sandar sama, irin wanda ake shiga ta gaba ba sai an ɗaga ƙafa ba. A cire fedoji biyun da sifana mai lamba 15. A kula, fedar hagu zarenta a juye yake, ta hannun agogo take kwancewa, nan ne mutane ke lalata ta da ƙarfi. A sauke sirdi har tafin ƙafafunki biyu su zauna a ƙasa. Ki zauna, ki riƙa tura keken da ƙafa kamar kina tafiya, sannan ki yi dogon taku, sannan ki ɗaga ƙafa biyu ki bar shi ya gangara. Idonki can gaba, kamar taku ashirin, domin keke inda ido ya kalla yake bi, mai kallon taya ita ke faɗuwa. Tun a wannan matakin ki saba da birki. Ranar da kika iya ɗaga ƙafa kika ƙirga goma, kika kuma yi kwana hagu da dama, a mayar da feda. Ki ɗaga fedar ƙafar da kika fi ƙarfi da ita sama ta ɗan yi gaba, ki danna ta da ƙarfi, ɗayar ƙafar ta biyo. Daga baya a riƙa ɗaga sirdin kaɗan kaɗan.

Batun sutura, haɗarin ɗaya ne: yadi mai yawo na shiga sarƙa ko wayoyin wilin baya, ya fizge ki. Ki sa hijabin da bai wuce gwiwa ba, a kan doguwar riga da wando mai ɗan kauri, ki tattara duk abin da ke lilo. Keke mai murfin sarƙa ya fi. Hular kwano na zama daidai a kan siririn ɗankwali ko hijabi, matuƙar ba a yi ƙulli babba a ƙeya ba. Wurin koyo kuwa, harabar makaranta ranar hutu ko layin da ba ya ɓullewa ya isa, da sassafe, ke da wata 'yar'uwa.

Daga wani mai karatu a Obalende: An gayyace ni fita da rukunin masu keke da ke zagaya Ikoyi da gadar Lekki ranar Asabar. Ina tsoron a bar ni a baya, ko tayata ta yi faci kowa ya tsaya yana kallona.

Malam, je ka. Amma kafin ranar ka tambayi wanda ya gayyace ka abu uku: kilomita nawa za a yi, da wane gudu, kuma ana jiran na baya ko kuwa. In kana iya kilomita 25 kai kaɗai a gudun 20 a awa, za ka iya 30 cikin rukunin masu matsakaicin gudu. Ka faɗa musu kai sabo ne, rukuni ya fi tsoron sabon da ya ɓoye da wanda ya faɗa.

Ba gudu ake duba wa baƙo ba, natsuwa ake duba. Ka riƙe layinka, kada ka taka birki ba dalili, ka nuna rami da hannu ga na bayanka. Bar tazarar tsawon keke ɗaya har ka saba, kuma kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabanka. In ya ɗan kauce suka gogu, kai ne za ka faɗi, ba shi ba. Ka ci abu mai sauƙi awa ɗaya ko biyu kafin fita, ka ɗauki ruwa wajen rabin lita zuwa lita ɗaya ga kowace awa, don zafin Legas mai gumi ne, ka riƙa kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba. In tafiyar za ta wuce awa ɗaya da rabi, ayaba ko dabino a aljihu.

Faci kuwa kowa na yi, abin kunya kawai shi ne zuwa hannu rabbana. Ka tafi da tub sabo daidai da girman tayarka, da 'yan robobin ɓanɓare taya biyu, da ƙaramin famfo. Ka duba bawul ɗinka: mai kauri irin na mota famfon kowane mai faci na kama shi, siririn nan mai ɗan ƙusa a kai kuwa sai da ɗan adafta, ka saya ka ajiye a jaka. Ka gwada canjin a gida sau uku kafin Asabar, da wilin baya, don shi ne mai wahala. Mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori na baya kafin ka cire wilin. Ɓanɓare gefe ɗaya na tayar, zare tub, sannan ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo abin da ya huda ta. Wannan matakin ake tsallakewa, shi ya sa sabon tub ke sacewa bayan minti biyar. In ka ga huda biyu a jere kamar saran maciji, ba ƙusa ba ce, iska ce ta yi kaɗan rim ya cije tub a bakin rami. In hudar na ɓangaren rim, duba kyallen da ke rufe kawunan wayoyi, ya goce. Hura wa sabon tub iska kaɗan ya yi siffa, fara sa bawul, ka mayar da tayar da tafin hannu ba da robar ɓanɓarewa ba, don ita ke tsinke tub. Kafin ka cika iska, zagaya gefe biyu kana matsa tayar, ka tabbata tub bai leƙo ƙarƙashin bakinta ba. In ka kwance birki don fitar da wili, mayar da shi ka matsa ka gani kafin ka hau.

Masu tambaya kan hawa keke da azumi, da kan yadda ake gane sarƙa ta gaji, mun ajiye wasiƙunku zuwa fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.